Tsohon Babur Tsakanin Mai Raya Shi da Mai Yanka Shi

Ranar 11 ga Disamba, 1934, wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tayar da babur daga Landan suka nufi Cape Town, can ƙarshen kudancin Afirka. Babur ɗin ƙirar Panther ne mai silinda ɗaya, cc 600, wanda kamfanin Phelon & Moore yake ƙerawa a Yorkshire. An liƙa masa kwandon gefe mai taya ɗaya, aka kuma ɗaura masa 'yar tirela a baya saboda tanti da sauran kayan tafiya. Da wannan jibgegen kaya suka ratsa Sahara ta Tamanrasset, suka iso Agadas da injin da ya gaji, sai da aka kwance shi aka sake haɗawa kafin suka gangaro Kano suka ci gaba da tafiya. Sun shiga Cape Town ranar 29 ga Yuli, 1935, bayan sun ci fiye da kilomita 21,000.

Abin da ya faru da wannan Panther shi ne abin da ya yi ta faruwa da babur na doguwar tafiya tun daga wancan zamani: masana'anta ta yi nata, matafiyi ya ƙarasa sauran da hannunsa. Wani ya ƙara tanki, wani ya ƙera akwati, wani ya sauya sirdi don bayansa ya huta. Saboda haka gardamar da ake yi yau a garejojin Turai da Amurka da Japan tana da tsohuwar saiwa. Ɓangare ɗaya yana cewa tsohon babur amana ne, a mayar da shi daidai yadda ya fito sabo, har launin fenti da irin notin da aka ɗaure shi da shi. Ɗaya ɓangaren yana cewa ƙarfe ne mai shi ya saya da kuɗinsa, yana da ikon ya yanka, ya yi walda, ya sake masa kama. Babur ɗin da wannan gardama ta fi zafi a kansa kuwa shi ne tsohon BMW mai silinda biyu a kwance, wanda iska ke sanyayawa.

BMW kamfanin injin jirgin sama ne tun asali. Da Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Farko, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana ta ƙera irin waɗannan injuna, kamfanin na birnin Munich ya shiga neman abin yi. A 1923 injiniyansa Max Friz ya fito da babur R32, aka nuna shi a bajekolin motoci na Berlin. Injinsa cc 494 ne, ƙarfin doki takwas da rabi, da ƙyar yake kusantar kilomita 100 a awa, kuma guda 3,000 da 'yan kai aka ƙera. Amma tsarin da Friz ya zana ya haura shekara 70 ana amfani da shi. Silinda ɗaya ta leƙo dama, ɗaya hagu, iska tana bugunsu kai tsaye, babu lagireto babu ruwa. Wanda ya taɓa leƙa bayan tsohuwar Boswaja, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, ya ga ɗan'uwan wannan injin, illa dai nata silinda huɗu ne. A madadin sarƙa kuma, farfela ce irin ta mota take kai ƙarfi zuwa tayar baya, don haka babu zancen tsayawa a gefen hanya ana ɗaure cen ko ana shafa masa mai.

Ga bakanike, alherin wannan tsari a fili yake. Kan silinda yana waje, daidai gaban mutum idan ya tsuguna. Noti uku ake kwancewa murfin ya fita a saita bawul. Fulogi yana sarari, kafireto biyu suna nan bayan silinda inda hannu ke kai musu. Ana iya zare silinda a canza ringi ba tare da an sauke injin daga jikin babur ba. Kamfanin ma da kansa yana saka wa mai saye jakar sufanu masu inganci a ƙarƙashin sirdi, har da famfon taya, domin ya san wanda ya sayi irin wannan mashin zai kwana a wuraren da babu gareji. A 1959 wani Ba'amurke, John Penton, ya hau R69 daga New York zuwa Los Angeles cikin awa 52 da minti 11, sunan BMW ya tashi a matsayin babur da ba ya gajiya.

A 1969 aka mayar da ƙirar babura daga Munich zuwa Spandau a Berlin, aka fito da sabon jerin da ake kira /5, mai tashi da batir. A 1973 R90S ya biyo baya, cc 898, ƙarfin doki 67, yana taɓa kilomita 200 a awa. Mai zanen jikinsa, Hans Muth, ya sa aka yi masa fenti mai shiga juna kamar hayaƙi, wanda da hannu ake fesawa, shi ya sa babu guda biyu da suka yi kama sak. Siraran layukan da ke kan tanki da madigadi ma yawanci da hannu ake jan su, kuma galibi mata ne ƙwararru suke wannan aiki a masana'antar. Wannan ƙaramin bayani yana da muhimmanci ga mai raya tsohon babur a yau, domin layin da aka manna da tef ba ya taɓa ɓoyuwa ga wanda ya san na asali.

Duk da haka, babur na farkon shekarun 1970, ko na Jamus ko na Japan, tsirara ake sayar da shi. Babu garkuwar iska mai rufe mahayi, babu akwatunan kaya. Ƙananan masu sana'a ne suka cike wannan giɓi. A Amurka, Craig Vetter ya fara sayar da garkuwarsa mai suna Windjammer a 1971, wadda ake ɗaurawa a jikin firam ta tare iska da ruwan sama. A Jamus, Michael Krauser, tsohon ɗan tseren babur mai kwandon gefe, ya ƙera akwatunan gefe masu makulli waɗanda ake cirewa a shiga da su masauki kamar jaka. Da Honda ta fito da Gold Wing a 1975, babur mai silinda huɗu da farfela, shi ma tsirara ya zo, masu saye suka riƙa wucewa da shi kai tsaye wajen masu sayar da kayan Vetter. Sai a 1980 Honda ta fara sayar da shi da garkuwa da akwatuna daga masana'anta, a ƙirar da ta kira Interstate. BMW ta riga ta da 'yan shekaru: R100RS na 1976 ya zo da cikakkiyar garkuwa da aka gwada a ɗakin gwajin iska, R100RT na 1978 kuma ya zo da wadda ta fi tsawo da faɗi, don mai zama a miƙe yini guda a kan hanya. A wannan fage dai mahaya ne suka yi gaba, kamfanoni suka bi sawu.

Matafiyan da suka bar kwalta sun fi kowa taɓa baburansu. Elspeth Beard ɗaliba ce mai koyon zanen gine-gine a Landan lokacin da ta tashi a 1982, tana da shekara 23, a kan R60/6 ƙirar 1974 da ta saya na hannu. Da kuɗinta suka ƙare a Sydney, ta tsaya ta yi aiki na wasu watanni, kuma a nan ta lanƙwasa fallayen alminiyam ta ƙera wa kanta akwatuna masu makulli, saboda ƙasashen da ke gabanta. Ta koma gida a 1984 bayan kimanin kilomita 56,000, ta zama mace ta farko 'yar Birtaniya da ta zagaya duniya a kan babur, sannan ta kwance injin da hannunta ta sake haɗa shi. Helge Pedersen ɗan Norway shi ma a 1982 ya tashi, a kan R80G/S da ya raɗa wa suna Olga, ya ɗora masa ƙaton tanki, ya ratsa Sahara, ya yi shekara 10 yana yawo a ƙasashe 77. To, wanda ya samu irin wannan babur yau, wane ne na asali a wurinsa: wanda ya fito daga Spandau, ko wanda ya dawo da akwatin da aka buga a Sydney?

Shi R80G/S ɗin, wanda ya fito a 1980, ƙasar Nijar tana da hannu a sunan da ya yi. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙira, ya tashi karo na farko ranar 26 ga Disamba, 1978, ya bi ta Aljeriya ya shigo Agadas da Yamai kafin ya wuce Mali, kuma a shekarun da suka biyo baya hamadar Tenere ta zama wurin da ake rarrabe gwanaye. Hubert Auriol, Bafaranshen da aka haifa a Addis Ababa, ya ci tseren a kan BMW a 1981 da 1983, Gaston Rahier ɗan Beljiyam ya ci a 1984 da 1985. Baburan da suka hau an yi musu aiki sosai, an ƙarfafa firam, an tsawaita shokozoba, an ɗora manyan tankuna, kuma wani ƙaramin kamfani na Bavaria mai suna HPN ya yi suna a wannan aiki. Da BMW ta ga kasuwa, a 1984 ta fito da ƙirar Paris-Dakar ta sayarwa, mai tankin lita 32 a madadin na lita 19.5. A 1990 kuma wasu matafiya biyu, Herbert Schwarz da Jochen Schanz, suka kafa Touratech, wanda akwatunansa na alminiyam suka zama alamar masu ratsa nahiyoyi.

Sana'ar raya tsohon babur ta taso ne ta wata hanya dabam, kuma a Ingila ta fara tsayawa da ƙafarta. Tun 1930 ake yin wani hawa zuwa Brighton na baburan da aka ƙera kafin 1915. A 1946, yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, Titch Allen da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar Vintage Motor Cycle Club, a lokacin da ake kai tsofaffin mashina wajen masu narka ƙarfe ba tare da kowa ya damu ba. Amurkawa suka kafa tasu a 1954. Waɗannan ƙungiyoyi su ne suka tara littattafan masana'antu, suka ajiye lambobin injuna, suka san wane launi ne na wace shekara. An ga ƙarfin wannan ilimi a 2003, lokacin da gobara ta tashi a gidan tarihin babura na ƙasa da ke kusa da Birmingham ta ci kimanin babura 380. Aka rarraba ƙonannun ƙarafa ga ƙwararru, aka sake buɗe gidan a Disamba 2004, da yawa daga cikin waɗanda wuta ta taɓa suna tsaye suna sheƙi.

Aikin kansa aikin haƙuri ne, kuma kafin a taɓa sufana ake farawa. Mai saye yakan duba lambar da ke jikin firam ya gwada da ta injin, domin har zuwa farkon shekarun 1980 lamba ɗaya BMW take bugawa a kansu biyu. Idan sun saɓa, an taɓa canza injin ke nan, farashi ya sauka. Sashen kamfanin mai kula da tsofaffin ƙira yana ba da takardar shaidar ranar da aka ƙera babur, kuma har yanzu ana samun kayan gyara masu yawa sababbi. Bayan haka sai a ɗauki hoton kowane lungu, a kwance komai, a zuba kowane noti da wasa a leda mai suna. Firam ya tafi wajen masu kankare tsatsa, a auna shi a ga ko ya taɓa karkacewa a haɗari. Tanki a leƙa cikinsa da tocila, domin fetur da ya kwana shekaru yana barin danƙo, ruwan da ya taru a ƙasansa kuma yana huda ƙarfe daga ciki. Wili a warware shi a sake saƙa sifoki.

A cikin injin ne ake gane wanda ya san wannan ƙira. Kowane zamani da ciwonsa. Baburan da aka yi kafin 1969 ba su da matatar mai. Wasu faifai ne a jikin karanshaf suke tara dauɗa yayin da suke juyawa, kuma idan suka cika sai su toshe wa boris hanyar mai, injin ya ci kansa. Babu yadda za a wanke su sai an zare karanshaf gaba ɗaya, shi ya sa mai hankali ba ya tayar da irin wannan babur da ya daɗe a ajiye don kawai ya ji ƙararsa. Na bayan 1969 suna da matata, amma a bakinta akwai wani ɗan zoben roba wanda idan bai zauna daidai ba ƙarfin mai yake zubewa ba a sani ba. Masu hawa a Amurka suna kiransa zoben dala dubu biyu, wato kuɗin gyaran injin da ya lalata. Na farkon shekarun 1980 kuma mazaunin bawul ne matsalarsu, yakan ci har bawul ya nutse, sai an fitar da shi an dasa sabo mai jure fetur marar dalma. Daga tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya daina saka wani ɗan zoben ƙarfe a cikin giya, boris ya riƙa gocewa, don haka masu gyara suke yanka masa gurbi su mayar da shi. Ga kafireton Bing da 'yar robarsa da ke tsagewa idan ta tsufa, ga haƙoran da ke haɗa kuloci da giya waɗanda ke son giris lokaci-lokaci, ga janareto mai rauni da ba ya cika batir idan ana tafiyar cikin gari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mutum mai littafin gyara da ɗan fili a bayan gida, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa baburan suka kai yau da rai.

Su kansu masu rayawa ba bakinsu ɗaya ba. An daɗe ana ganin gwaninta ita ce a fito da babur yana ƙyalli fiye da ranar da aka ƙera shi, a goge alminiyam har ya zama madubi, a sa kurom inda masana'anta ba ta sa ba. Daga baya ra'ayi ya juya. A Janairu 2018, a wani gwanjo da Bonhams ya yi a Las Vegas, an sayar da Vincent Black Lightning ƙirar 1951 a kan dala 929,000. Babur ne na tsere, wanda Jack Ehret ya kafa tarihin gudu da shi a Ostareliya a 1953, kuma da tsohon fentinsa da ƙujewarsa aka sayar da shi. Da an sake fentin, da darajarsa ta ragu. Ƙungiyar FIVA, wadda ke haɗa kan masu tsofaffin motoci da babura na duniya, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, inda ta ce sauye-sauyen da abin hawa ya samu a zamanin da ake amfani da shi suna cikin tarihinsa, bai kamata a share su don neman sabunta ba. Da wannan ma'auni, garkuwar Vetter da akwatin Krauser da ke jikin babur tun 1975 sun zama abin kiyayewa.

Masu yanka su ma suna da kakanni. A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari sun riƙa sayen rarar Harley-Davidson na soja suna cire duk abin da ke ƙara nauyi, suna gutsure madigadi. A Landan kuma, a shekarun 1950 da 1960, matasa suna taruwa a Ace Cafe da ke kan titin North Circular, burin kowa ya kai mil 100 a awa, wato kilomita 160. Suka sauke kan babur ƙasa, suka mayar da matakan ƙafa baya, suka sa sirdin mutum ɗaya. Mafi shahara cikin abin da suka haɗa shi ne Triton: injin Triumph a cikin firam ɗin Norton, domin wancan ya fi ƙarfi wannan kuma ya fi riƙe hanya. Babu masana'antar da ta taɓa ƙera shi. Ace Cafe ya rufe a 1969, aka sake buɗe shi gaba ɗaya a 2001, kuma ba da daɗewa ba salon ya dawo da ƙarfinsa. Shagon Deus Ex Machina ya buɗe a Sydney a 2006, bikin Wheels and Waves ya fara a Biarritz ta Faransa a 2012, hotuna suka bazu a intanet, kowane saurayi mai injin yankan ƙarfe ya shiga neman tsohon babur mai araha.

Abin da ya samu kuwa shi ne R80RT da R100RT. BMW ta so ta yi ritaya da wannan injin tun da ta fito da K100 mai silinda huɗu da lagireto a 1983, amma masu saye suka ƙi, aka ci gaba da ƙera shi har tsakiyar shekarun 1990. Saboda haka suna da yawa. 'Yan sanda a ƙasashen Turai da dama sun yi aiki da su suka yi gwanjonsu, dattawan da suka yi yawo da su sun tsufa sun ajiye. Ƙatuwar garkuwar nan ba ta burge matasa, amma a ƙarƙashinta akwai injin da ke da kyan gani da tanki mai siffa. Sai a cire garkuwa da akwatuna, a datse bayan firam a yi waldar ɗan gajeren lanƙwasa, a ɗora siririn sirdi, a jefar da akwatin matatar iska, a naɗe salansa da ƙyalle, a sa taya mai manyan ƙuraje, wani lokaci har a ɗauko ƙafafun gaba na babur ɗin tseren Japan a dasa. Kasuwar ta yi girman da BMW da kanta, a 2013, lokacin cikar baburanta shekara 90, ta fito da R nineT, sabon babur da aka tsara musamman don mai shi ya iya kwance bayansa ya sauya.

A nan ne ya kamata a yi adalci, a kuma faɗi gaskiya. Cikin waɗannan ayyuka akwai na ƙwararru, masu kyau ƙwarai, kuma babura da yawa da za su ruɓe a rumbu sun koma kan hanya ta dalilinsu. Sai dai akwai bambanci tsakanin abin da Beard da Pedersen da HPN suka yi da abin da yawancin masu yankan yau suke yi. Waɗancan sun sauya babur ne don ya ƙara nisa, ya ɗauki ruwa da fetur, ya jure ramuka. Na yanzu galibi don hoto ake yi. Babur da aka ƙera don ya ɗauki mutum biyu da kayansu daga safe zuwa dare yakan koma wanda awa guda ta isa ta gajiyar da mahayinsa, ba madigadin tare taɓo, ba wurin ɗaura jaka, kafireto kuma yana shan ƙura ta 'yar matatar da ba ta kai ta asali ba. Idan RT ne na kowa da kowa, wanda garkuwarsa ta riga ta farfashe, asarar kaɗan ce. Idan kuwa R90S ne mai fentinsa na asali, ko G/S na farko wanda kusan 22,000 kacal aka ƙera, to an yi ɓarnar da walda ba ta gyarawa.

Akwai sauyin da har masu tsananin riƙo da asali suke yarda da shi, domin ba ya taɓa kama, rai yake karewa. Birkin shekarun 1970 ba ya isa a cunkoson yau, don haka ana sa bututun birki mai saƙar ƙarfe da sabon fad. Ana sa janareto mai ƙarfi, a maye gurbin tsohon kwantak da na'urar ba da wuta ta lantarki, a canza shokozoba, a sabunta wayoyin da suka bushe. Wanda zai hau babur mai shekara 45 ya ratsa tsaunukan Alps da iyalinsa a baya ba shi da dalilin jin kunyar wannan.

Hukumomi ma sun shiga maganar ta hanyar takarda. A Jamus, tun 1997, abin hawa da ya cika shekara 30 yana iya samun lamba mai harafin H ta kayan tarihi, amma da sharaɗin ya kasance kusa da asalinsa, kuma sauyin da ke jikinsa ya zama irin na zamaninsa. A Birtaniya, tun 2018, wanda ya cika shekara 40 ana ɗauke masa gwajin lafiya na shekara-shekara, muddin ba a yi masa babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce. Wanda ya datse firam ya fita daga wannan rangwame, kuma a Jamus sai ya gamsar da masu binciken TÜV kafin ya hau titi.

Tsarin babur ɗin kansa ya bar wata ƙofa. Daga jerin /5 zuwa gaba, bayan firam, inda sirdi da akwatuna ke zama, da noti aka ɗaure shi, ana kwance shi ba sai an sa zarto ba. Masu sana'a da dama yanzu suna sayar da gajeren baya wanda ake ɗaurawa a ramukan asali, mai babur ya yi salon da yake so, ya adana na asalin da garkuwa da sirdi da madigadi a kwali, ran da zai sayar ya haɗa wa mai saye duka. Waɗanda ba su adana ba kuma sukan sa kayan a kasuwar intanet, inda masu rayawa ke jira, domin wani yana can da RT ɗin mahaifinsa a gareji yana neman garkuwar hagu mai launin shekarar 1982.